Saƙon Inna Zuwa ga Wancan

Tun da na dawo daga Abijan ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a inuwar itacen bedin ƙofar lakkwal, wato makarantar bokon da ake ce wa mu malamanta Mushe, sai wani ya ce, "Mushe Isuhu, wai da gaske teku ba ta da iyaka?" wani ya ce, "Wai an kama ka a kan iyaka?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin yana ƙiba a bakin mutane. A Buza an ce kwana uku na yi a hannun 'yan duwan masu binciken kaya a kan iyaka, kafin zancen ya kai Keita ya zama mako guda. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in sha shayina da zafinsa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Mu biyar Inna ta haifa a Tama, ni ne auta, babbanmu kuwa Yaya Nomau. Ya tafi cin rani Abijan ina ɗan shekara shida, ranin nan kuma ya ƙi ƙarewa har shekara ashirin da bakwai. Sau biyu ya zo a farko-farko, daga nan sai dai saƙo, turmin atamfa ko sabulu ko hoto. Ko rasuwar mahaifinmu bai samu zuwa ba. Inna ba ta taɓa cewa tana kewarsa ba, don ɗan fari ne, ita kuwa a kunyar ɗan fari ba ta da ta biyu a Tama. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda ake zancensa. In ta kama dole sai ta ce "wancan". Ni kam sai ta kira Isuhu sau ashirin a wuni, har awakin gidanmu sun san sunana.

Tun da na fara koyarwa ni ke rubuta mata wasiƙu zuwa can, da Faransanci, don babbar 'yarsa Ramatu ce ke karanta masa. Amma bana da idanunta suka fara dushewa sai ta ce ba ta son takarda, in aro mata rediyo mai kaset. Na nuna mata inda ake dannawa, ta kore mu duka daga ɗaki ta ja ƙofa. Da ta gama ta ɗaure kaset ɗin a tsumma tare da gabu da ƙullin kuka, ta ce, "In an ba ku bakansi ka kai musu hannu da hannu. Kak ka ba direba." Ban tambaye ta abin da ke ciki ba. Na dai gane cewa in na dawo ni kaɗai, to tafiyar ba ta yi ba.

Cikin damina, da aka ba mu hutun makaranta, na tashi, a bayan wata tsohuwar landiroba da ke tari kamar mai shan taba. Ba mu yi nisa da Buza ba muka tarar ƙorama ta kawo, muka yi rabin wuni a bakinta muna kallon mutane suna noma, su ma suna kallonmu suna mana dariya. A Madawa na sayi kilishi na tsaraba, kuma zan faɗi gaskiya tunda na ɗauki alƙalami: kafin Doso rabinsa ya tafi. A nan tashar Madawa Allah ya haɗa ni da Hajiya Kulu, wata dattijuwa 'yar Urno mai fataucin tabarmi, wadda ta san hanyar Abijan kamar hanyar rijiyarsu. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan baƙin takalmina mai sheƙi, ta ce, "Mushe, wanga takalmi na tsayuwa gaban tablo cikin aji na, ba na tahiya ba." Na ji haushi. Kafin Yamai na cire shi na sa a jaka, na sayi silifa.

A Yamai muka sauka gidan wani Ba'adare kusa da tasha, zaure guda cike da mutanen ƙasarmu. Da suka ji malamin makaranta ne kuma Abijan za ni, sai kowa ya tuna yana da ɗan'uwa can. Na wuni ina rubuta wasiƙu a kan gwiwa, aka saka mini da shinkafa da wake da wani yaji da har yanzu in na tuna shi sai hancina ya yi ƙaiƙayi.

Yanzu ga zancen kan iyaka da kuke ta ƙara wa gishiri. Da hantsi muka isa, aka sauke mu da kayanmu a wata rumfar kwano. Wani ma'aikaci ya kwance tsumman Inna, garin kuka ya tashi, mutumin ya yi atishawa uku, ransa ya ɓaci. Sai ga kaset ba rubutu ba hoto. Ya ce mene ne a ciki? Na gyara murya na yi masa bayani da Faransancin da nake alfahari da shi, bai ko dube ni ba, ya jefa kaset ɗin cikin rediyonsa ya danna. Sai muryar Inna ta cika rumfa: "Shin ya hwara? Isuhu! Wanga abu na ji na kuwa?"

Duk Adarawan motarmu suka tuntsire da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Ana haka wata babbar mota ta iso, aka kira ma'aikacin, ya tafi ya bar Inna tana magana. Ta gaida Ramatu da sunanta, ta gaida uwarta da ƙannenta, ta gaida duk wani ɗan Tama da ke Abijan. Ta ba da labarin akuyarta Ja-wuya da ta haifi tagwaye. Daga nan ta shiga zancen gona ta daɗe a ciki, wane ya yi shuka da wuri, wane ciyawa ta ci ƙarfinsa, gonar fadama kaza. Can ƙarshe ta yi shiru har muka ɗauka ta gama, sannan ta ce, "Ku hwaɗa ma wancan, ɗakin gabas an yi mai yaɓe. Ni kau idanu sun gaji. Abin da ka nesa ba ni ganinai, sai wanda ya matso kusa." Babu wanda ya sake dariya. Ma'aikacin ya dawo, ya ga mutane sun yi tsit, ya cire kaset ɗin ya miƙa mini ya ce mu tafi. Iyakar kamun da aka yi mini ke nan.

Da mota ta ɗauki hanya Hajiya Kulu ta taɓa ni ta ce, "Mushe, wanga wan naka, Nomau aka ce mai?"

Na juyo da mamaki, don ban taɓa faɗa mata sunansa ba. Na ce, "Hajiya, wa ya hwaɗa miki?"

Ta ce, "Tsohuwarku. Ta yi rabin kaset tana zancen gona, ba ta ce noma ba ko sau guda. Aikin gona, riƙon hauya, abin da maza ka yi da damana. Kai da kunnuwanka ba ka ji ba?"

Wallahi ban ji ba. A cikin maganar nan na tashi, na saba da ita har na daina jin ta. Na yi ta lalube a raina tun daga ƙuruciya, ban samu rana ɗaya da Inna ta ce noma ko manomi ba, a garin da ba a da wata sana'a sai ita. Kunya ta kama ni, ni mai gyara wa 'ya'yan mutane kalmomi da jan alƙalamin bik.

Daga Wagadugu muka hau jirgin ƙasa. Amai ban yi ba, wanda ya faɗa ya ji tsoron Allah. Abin da na yi shi ne na sayi wani farin abu a wata tasha ina zaton dambu ne, ashe aceke ne na rogo, mai tsami-tsami, da kifi soyayye a kai. Lomar farko na ɓata fuska, kafin mu kai Abijan ni ke leƙa taga ina neman masu sayar da shi. Wani Bamoshe da ke kusa da ni ya koya mini cin ayaba soyayya da barkono, ni kuma na ba shi kilishi, kun ga inda wani rabin ya tafi. Ƙasa dai tana ta ƙara duhun itatuwa har na daina ganin sararin sama sosai, abin ya dame ni, don mu mun saba mu hango baƙo tun yana tafiyar rabin wuni.

Hajiya Kulu ta kai ni har rumfar Yaya a kasuwar Ajame, inda yake sayar da albasar ƙasarmu buhu-buhu. Na bar shi a raina saurayi dogo, na tarar da dattijo mai tumbi da sanƙo. Ya dube ni ya ce, "Auta? Kai ne ka yi gemu?" Ya riƙe hannuna bai saki ba har muka isa gida.

Gidan nasu tsakar gida ɗaya ce, ƙofofi kusan goma, kowace ƙofa da yarenta, famfo guda. Da safe na tare wani maƙwabci na fara gaisuwa yadda aka koya mini, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ruwa. Ina kan "ina gida" mutumin ya riga ya kai bakin titi. Abin da ya fi ɗaure mini kai kuwa a cikin ɗakin Yaya yake. 'Ya'yansa a tsaye suke gaishe shi, suna dubansa ido cikin ido, suna ci a kwano ɗaya da shi, har su yi masa gardama ya yi dariya. Da uwarsu suna Julanci, tsakaninsu Faransanci mai gudu wanda nawa ba ya kamo shi, Hausa kuwa sai in za a roƙi Baba wani abu. Ni suka sa mini Tonton, wato baffa. Da na ce yaushe za su zo gida, ƙaramarsu ta waiga ta dubi ɗakin ta ce ai ga su a gida.

Ramatu shekararta goma sha tara, tana ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, kuma ita ce idon ubanta da alƙalaminsa. Ita ke tuna masa maganin hawan jini, ita ke hana shi gishiri. Ban taɓa ganinta ba littafi a hannu ba. Ta karɓe ni da ladabi amma ba sakin fuska, na rasa dalili.

Bayan la'asar aka sa kaset. Yara suka yi ta murna da jin sunayensu, suka yi dariyar Ja-wuya. Da aka zo kan ɗakin gabas sai Yaya ya tashi ya nufi famfo yana wanke fuska, yana cewa albasa ce ta shiga masa ido, alhali tun azahar ya baro kasuwa. Ramatu kuwa ta kashe rediyo da ƙarfi. Ta ce mini da Faransanci, "Tonton, akuya ma tana da suna. Babana ne kaɗai ba shi da shi."

Ta shiga ɗaki ta fito da littattafai uku ta aje a gabana, duk ƙagaggun labarai ne a kan mutanen da suka bar ƙasarsu da 'ya'yan da suka haifa a baƙon wuri. Ta ce in karanta su in ga yadda uwa ke rubuta wa ɗanta da ke nesa, tana kiran sunansa, tana cewa dawo. Ta buɗe na saman, sai ga wasiƙuna a tsakanin shafuka, rubutun hannuna, kowace an ja jan layi a ƙarƙashin kalma ɗaya. "Wancan" ce ta Inna, na juya ta Faransanci kai tsaye yadda take, ban taɓa tunanin cewa a wannan harshe da irin kalmar ake nuna ɓarawo ko mutumin da aka raina ba. Shekara da shekaru yarinyar nan tana karanta wa ubanta wannan da bakinta. Ta ce duk lokacin da ya fara zancen tafiya ita ke hana shi, don ba za ta bar mai ciwo ya yi kwanaki a hanya ya je inda ake ce masa wancan ba.

Na ce mata kunyar ɗan fari ce. Ta ce ta sani, Baba ya sha faɗa mata, amma ita a ganinta suna ne mai kyau aka sa wa rashin kulawa. Raina ya ɓaci, na kusa yi mata tsawa irin ta aji, sai na tuna jan layin nan a kan kuskurena aka ja shi. Na ce, "To ɗauko fensir. Ki mai da kaset baya. Duk inda kakarki ta ce noma, ki ja layi."

Ta dube ni kamar na zautu, amma 'yar makaranta ce, ba ta ƙin jarrabawa. Ta kai rediyo bakin ƙofa ta zauna. Hausarta ba ta da ƙarfi, sai ta riƙa tsayarwa tana tambayata, mene ne riƙon hauya, mene ne abin da maza ka yi da damana. Kowane na ce mata noma ke nan. Ta saurara har ƙarshe, ta sake mayarwa. Takardarta fara fat.

Na ce, "Sunan ubanki daga kalmar nan aka cire shi, don lokacin noma aka haife shi. A Tama ba a wuni ba a faɗe ta ba. Ita shekara hamsin ke nan tana kewaye ta, kullum, safe da yamma. Wanda aka manta da shi ba a yi masa wannan wahala."

Ta juya ga ubanta ta tambaye shi da Hausarta mai tuntuɓe, "Baba, kai ka sani?"

Ya ce, "Na sani mana. Tun ina ƙarami."

"To don me ba ka je ba?"

Ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce da farko yana jira ya tara abin da zai shiga gari da shi ba kunya. Da mahaifinmu ya rasu bai je ba, sai kunyar ta zama wata iri, kowace shekara tana ƙara nauyi. "Da kike hana ni," in ji shi, "daɗi nika ji, na samu wanda za ni laɓe bayanai." Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, duka a lokaci guda.

Kwana tara na yi. Sun kai ni na ga teku, kuma e, ban ga iyakarta ba. Ban sake ta da zancen tafiya ba. A rana ta bakwai na ga Ramatu tana lissafa ƙwayoyin maganin ubanta tana zubawa a kwalba, ta ce na wata biyu ne, kuma ita ma za ta, don in ba ta nan zai ci gishiri.

A jirgin dawowa na karanta littattafan nan uku. Suna da daɗi ƙwarai, musamman wanda yaro ke jin kunyar yadda ubansa ke magana a gaban abokansa, na ga Ramatu a ciki, na ga kaina ma. Suna wurina, mai so ya zo ya ara, da sharaɗin ya dawo da su ba tabon miya. Sai dai uwayen da ke cikinsu duk masu faɗin abin da ke ransu ne, ban samu irin tamu ba.

Da la'asar sakaliya muka shiga Tama, gero ya kai ƙirji. Mutane suka yi ta fitowa, tsofaffi na kiran sunansa, matasa na tambayar wane ne. Muka yi sallama a ƙofar ɗakin Inna. Tana zaune a kan tabarma, ta jawo Ramatu jikinta tana shafa fuskarta da hannu biyu, tana cewa, "Ramatu, ke ta? Ramatu, ashe kin girma haka?" Yaya ya durƙusa can bakin ƙofa ya gaishe ta. Ta kau da kai wajen bango ta ce "Lahiya," kamar mai amsa wa mai tallan gishiri. Na ga Ramatu ta dube ni, na yi mata alama ta yi haƙuri.

Inna ta ci gaba da tambayarta hanya, da uwarta, da ko gaskiya ne can rogo suke ci safe da dare. Can sai ta ce, "Ke ɗiya, ce ma wancan shi tashi daga ƙohwa, ya tare min haske. Ga wuri nan." Ta buga tabarma gefen ƙafarta.

Ramatu ta buɗe baki za ta ce Baba, sai ta tsaya. Ta ce, "An ce ka matso."

Ya matso da gwiwa ya zauna, kansa a sunkuye. Inna ba ta juyo ba. Ta miƙa hannu gefe kamar mai laluben ludayi, hannun ya sauka a kansa, ya ture hular, ya tsaya nan. Ta shafa gaba, ta shafa baya, fuskarta na wajen Ramatu, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Ta ce, "Ke ɗiya, wa ya kwashe mai gashi? Ba haka na ba ku shi ba."